Falsafa: ilimi ne mai amfani ko dai hirar masu ƙoshi ce?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah shawara nake nema, kuma ta gaskiya nake so ba ta lallashi ba. Ƙanina ya nemi karatun lauya a jami'a makinsa bai kai ba sai suka tura shi sashen falsafa. Baba yace ko sisi bazai bayar ba akan yaro yaje ya shekara huɗu yana koyon surutu, gara ya zauna a shago ya sake JAMB baɗi. Shi kuma yaron yace yana so zai yi. Ni ne a tsakiya kuma ni zan biya rabin kuɗin. Wai ita falsafar nan tana da amfani a zahiri, ko kuwa abin ɗebe kewa ne na waɗanda cikinsu ya riga ya cika?

Injiniya KD:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ni dai bazan ɓoye maka ba ina bayan Baba ɗari bisa ɗari. Ba wai na raina masu tunani bane, amma ka duba da kyau, sama da shekara 2000 mutanen nan suna kan tambayoyi iri ɗaya, menene gaskiya, menene adalci, shin mutum yana da zaɓi ko bashi da shi, har yau ba wacce aka rufe. Mu a fanninmu in aka gano rodi kaza zai ɗauki nauyi kaza toh magana ta ƙare, na baya ya ɗora akai a wuce gaba. Su kuwa duk wanda yazo sai ya rushe na wanda ya gabace shi ya faro daga tushe. Ilimin da baya taruwa ta yaya zai ciyar da al'umma gaba? Ga halin da ƙasa take ciki, ba wuta ba ruwa ba magani a asibiti, yaro ya ɗebe shekara huɗu yana tambayar ko kujerar da yake zaune akai akwai ta da gaske. Haba.

Ɗalibin Hadisi:
Ni kuma damuwata ba ma ta samun aiki bace, arziki na Allah ne. Damuwata aƙidar yaron. Malamai sun daɗe da yin magana akan wannan fannin. Imam Gazali da kansa ya rubuta Tahafutul Falasifa, ya kama masu falsafa akan mas'aloli 20, a guda 3 ya kafirta su: cewarsu duniya bata da farko, cewarsu Allah yana sanin abubuwa a dunƙule ne ba dalla-dalla ba, da kuma musun tashin jiki ranar alƙiyama. Ibnus Salah da Imam Nawawi sun haramta shagaltuwa da manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin auna hujja, Suyuɗi ma haka, Ibnu Taimiyya ya rubuta littafi guda na raddi ga masu manɗiƙi. Yaro ɗan 18 wanda ko tauhidinsa bai gama ƙwarewa ba ka miƙa shi ga wanda zai ce masa ka yi shakkar komai sannan ka fara tunani? Ɗan Fagge kaji tsoron Allah akan ƙaninka, amana ce.

Almajirin Zaure:
Allah ya gafarta Malam, abin da ka kawo duk haka yake, ba wanda zai ƙaryata ka akan Tahafut. Amma rabin labarin ka bamu, bari in ƙarasa ɗaya rabin saboda jama'a su yi hukunci da ido biyu.
Shi Gazalin kafin ya yi musu raddi sai da ya zauna ya karanci falsafa har ya rubuta Maƙasidul Falasifa yana bayanin ra'ayoyinsu yadda suke, don a ganinsa wanda ya yi raddi akan abin da bai fahimta ba jifa yake a duhu. A cikin littafinsa Munƙiz ya raba ilimansu gida 6, lissafi, manɗiƙi, ilimin ɗabi'ar halittu, ilahiyyat (maganar Ubangiji), siyasa da kyawawan halaye. Mafi yawan kurakuransu yace a ilahiyyat suke. Lissafi da manɗiƙi kuwa yace basu da alaƙa da musun addini, har ma ya yi kashedi akan masoyin addini jahili da zai tashi ya ƙaryata lissafin husufin rana da wata da sunan kare Musulunci, yace wannan cutar da addinin yake yi don mai ilimi zai ɗauka addinin akan jahilci aka gina shi. Sannan a gabatarwar Mustasfa, littafinsa na usulul fiƙhi, manɗiƙi ya fara kawowa, yace wanda bai san shi ba ba a amincewa da iliminsa.
Kuma mu dawo gida mana. Waye a cikinmu bai karanta Ahalari ba yana yaro? Toh shi wannan Malam Abdurrahman Al'akhdari ɗin da ya koya mana tsarki da ƙabli da ba'adi, shi ne dai ya rubuta Sullam, waƙar manɗiƙi, yana ɗan shekara 21, kuma har gobe ana karanta ta a zaurukan Zariya da Kano da Sakkwato. A cikinta ya kawo saɓanin nan da kansa bai ɓoye ba, yace Ibnus Salah da Nawawi sun haramta, wasu sunce ya kamata a sani, sannan ya rinjayar da halaccinsa ga mai cikakkiyar basira wanda ya goge da Alƙur'ani da Sunna. Sai Shehu Magili da ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya rubuta wa sarki nasiha akan yadda ake mulki, har yau ana danganta mutanen Sharifai da zuriyarsa. Shi da Suyuɗi sun yi musayar baitoci akan wannan mas'alar tamu ta yau, Suyuɗi na hanawa Magili na karewa, hujjarsa itace gaskiya ana karɓarta ko daga bakin wa ta fito. Kaga ashe ba Turawa suka kawo mana muhawarar ba, ta fi shekara 500 a ƙasar nan.

Ɗalibin Hadisi:
Akaramakallah ai da bakinka ka faɗi sharaɗin. Mai cikakkiyar basira, wanda ya goge da Kitabu da Sunna. Shin yaron da ya fito daga sakandare jiya ya cika wannan? Sannan kada mu ruɗi kanmu, a jami'a ba Sullam za a ɗora masa ba a gaban malami mai tsoron Allah, littafan mutanen da wasunsu ko samuwar Allah basu yarda da ita ba za a bashi, kuma lakcaran ba ruwansa da ko yaro ya fita da imaninsa ko bai fita ba shi dai ya ci jarabawa. Manɗiƙin zaure daban falsafar jami'a daban.

'Yar Damagaram:
Sallama gare ku. Ku yi haƙuri in sa baki don mu nan Nijar abin ba baƙo bane gare mu. Duk wanda ya kai ajin tarminal a lise, wato ajin ƙarshe na babbar sakandare, sai ya yi filo, wato falsafa, ko ɗan sashen adabi ne ko ɗan sashen kimiyya, kuma sai ya rubuta ta a jarabawar bak ta gama sakandare. Ni na yi, ƙannena sun yi, da hijabanmu da sallarmu muka shiga haka muka fito.
Bari in gaya muku yadda ake yi don inaga wasu sun ɗauka zama ake ana zagin addini. Malam zai shigo ya rubuta tambaya ɗaya tal a allo, misali shin duk abin da doka ta halatta adalci ne? Shikenan ya ajiye alli. Ba a yarda ka ce e ko a'a ka tashi ba. Sai ka fara fito da inda matsalar take, sannan ka kawo hujjar masu cewa e da iya ƙarfinta, sannan ka juya ka kawo ta masu cewa a'a ita ma da iya ƙarfinta, sai a ƙarshe ka faɗi inda ka tsaya da dalilinka. In ka raunana hujjar ɓangaren da baka so da gangan don ka ji daɗin kayar da ita malam zai ja maka jan biro a gefe ya rage maki. Wallahi wannan abu guda ya canja ni. Yanzu ina koyarwa, kuma ko rigimar iyayen yara aka kawo min bana iya yanke magana sai na iya maimaita wa kowane ɓangare hujjarsa har ya ce e haka nake nufi. Wannan in ba amfani bane to menene?

Injiniya KD:
Malama da girmamawa, tunda kowane ɗan lise yana yin falsafa a Nijar, ta sa kun fi mu hanyoyi ko asibitoci? Ba gori nake ba tsakani da Allah, tambaya ce. In abu yana da amfani ya kamata a ga alamarsa a ƙasa.

'Yar Damagaram:
Yaya ai su nawa ne ma ke kaiwa tarminal ɗin? Mafi yawan yara tun kafin nan sun bar lakkwal, musamman mata da 'yan karkara. Kuma lissafi ma ana koyarwa a ƙasashen biyu tun daga aji ɗaya, bai hana gada ta karye ba, amma ba wanda yace a daina lissafi. Talauci da rashin shugabanci suna da dalilansu da yawa, ba darasi ɗaya za a ɗora wa ba.

Mai Digirin Falsafa:
Toh ni dai abin a kaina ya faru don haka bari in yi magana ba kwana-kwana. Ɗan Fagge, maganar aiki tukuna: ban taɓa ganin tallar aiki an rubuta ana neman masanin falsafa ba sai dai koyarwa a jami'a. Wanda ya ce maka akwai ofis yana jiran ƙaninka ya yaudare ka. Abokan karatuna bayan bautar ƙasa wasu koyarwa suke, wasu aikin jarida, wasu banki, wasu gwamnati, akwai wanda ya koma ya yi lauya a matsayin digiri na biyu, akwai kuma waɗanda har yau suna nema kamar yadda masu digirin injiniya da yawa suke nema. Wannan kenan.
Amma Injiniya maganarka ta cewa ilimin baya taruwa ita ce ban yarda da ita ba. Wayar da kake rubutu da ita yanzu daga ina ta faro? Aristotil na Girka ne ya fara tsara ƙa'idojin yadda sakamako ke fita daga hujja, malaman Musulunci irin su Farabi da Ibnu Sina suka ɗauka suka faɗaɗa, aka yi ta jan abin ɗaruruwan shekaru mutane suna cewa wasan ƙwaƙwalwa ne kawai. A 1854 George Boole ya fitar da littafi ya mayar da waɗannan ƙa'idojin tunani lissafi, gaskiya da ƙarya suka zama 1 da 0. Shekara 80 da wani abu ba wanda ya ci ko kwabo da shi, sai a 1937 wani ɗalibi a Amurka, Claude Shannon, ya nuna cewa da lissafin Boole za a iya tsara makunnan lantarki. Duk kwamfutar duniya akan wannan take zaune yau. Da a 1854 aka tambaye ka amfanin aikin Boole me zaka ce?
Ba nan kaɗai ba. Newton da ya fitar da babban littafinsa a 1687 a ƙarƙashin falsafar ɗabi'ar halittu ya sa shi. Adam Smith da ake kira uban ilimin tattalin arziki farfesan falsafar ɗa'a ne a Glasgo. Raba iko gida uku, majalisa da zartarwa da shari'a, wanda tsarin mulkinmu yake kai, Montesquieu ne ya shimfiɗa shi a littafinsa na 1748, Amurka ta ɗauka, mu ma muka ɗauki irin tsarinsu a 1979. Kana rayuwa a cikin amsoshin da mutanen nan suka bayar ne shi yasa baka ganinsu.

Injiniya KD:
Madalla, ai ka ƙarfafa min magana ne ɗan'uwa. Boole farfesan lissafi ne a Ayalan, Shannon injiniya ne. Duk abin da ya fara amfani sai ya tattara ya bar gidan falsafa ya samu sunansa, fiziks ya fita, tattalin arziki ya fita, ilimin halayyar ɗan Adam ya fita. Na yarda ita ta haife su, ban musa ba. Amma yaron nan ba a zamanin Newton zai shiga ajin ba, yanzu zai shiga, kuma abin da ya rage a ajin shi ne tambayoyin da aka kasa amsawa. Tarihi mai kyau baya nufin har yanzu akwai sauran amfani.

Maman 'Yan Biyu:
Injiniya tsaya nan, don waɗannan tambayoyin da kace an kasa amsawa mu kullum da su muke kwana a asibiti, kuma ba ma da damar cewa a bari sai an amsa.
Ni nas ce. Ka ga mutum a kwance a kan na'urar numfashi, ƙirjinsa na hawa yana sauka, jikinsa da ɗumi, zuciya na bugawa, amma likitoci sun gwada sun tabbatar ƙwaƙwalwa ta mutu gaba ɗaya. Matarsa na riƙe da hannunsa tana cewa Sista ai yana numfashi. Toh ya mutu ko bai mutu ba? Na'ura zata gaya maka abin da ke aiki da wanda ya tsaya, amma bazata gaya maka wanne ne mutuwa ba. Sai da wani kwamiti a Harvard ya zauna a 1968 ya fitar da ma'aunin mutuwar ƙwaƙwalwa, kuma majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi sai da ta zauna a Amman a 1986 kafin ta amince a iya cire na'ura a irin wannan halin. Kafin a kai nan sai da aka sha fama da tambayar menene rai, menene mutum, irin tambayoyin da kuke kira hira.
Ko kuma dangi su ja ka gefe suce dan Allah kar a gaya wa Baba kansa ce, zai karaya. Shi kuma Baban ya kalle ka ido cikin ido yace 'yata gaya min gaskiya me aka gani. Ko tukunyar oksijin ɗaya marasa lafiya biyu, tsoho da yarinya, tsohon ya riga zuwa. Wa zaka ba? Wannan ba a littafin magani yake ba.
Kuma mu 'yan Kano bai kamata mu manta 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200, aka yi shekaru ana shari'a har aka sasanta a 2009. Babban abin da aka yi ta jayayya akai shi ne shin iyayen sun san gwaji ne kuma sun amince? Ita wannan ƙa'idar ta cewa ba a gwaji a jikin mutum sai da saninsa da yardarsa ba a ɗakin gwaje-gwaje aka gano ta ba, tunani ne akan darajar ɗan Adam, aka rubuta ta a Nuremberg a 1947 bayan abin da likitocin Nazi suka aikata. Ba a fafe gora ranar tafiya, dole a samu waɗanda suka zauna suka yi tunanin tun kafin mu tsinci kanmu a gaban gado ƙarfe biyun dare.

Ɗalibin Hadisi:
Hajiya Allah ya saka muku da alheri akan aikin da kuke. Amma lura da misalinki, su waye suka zauna a Amman? Malaman fiƙihu ne. Mu Musulmi muna da inda muke komawa, bamu buƙatar Girkawa su gaya mana darajar ɗan Adam. Ibnu Taimiyya ya faɗi magana akan manɗiƙi da har yau ba a ture ta ba, cewa mai kaifin basira baya buƙatarsa, daƙiƙi kuma baya amfana da shi.

Almajirin Zaure:
Malam ba wanda yace a bar wahayi a koma Girka, Allah ya kiyaye. Amma mas'alar na'urar numfashi ba aya ko hadisin da ya ambace ta da suna, malaman sai da suka saurari likitoci, suka tsaya akan ma'anar mutuwa, suka nemo illa, suka yi ƙiyasi. Wannan aikin na tantance ma'ana da auna hujja shi muke magana akai, ko wane suna ka bashi. Ibnu Rushdi alƙalin Ƙurɗuba ne, malamin Malikiyya, Bidayatul Mujtahid ɗinsa ana karantar da shi a jami'o'inmu da zaurukanmu, kuma shi ne dai babban mai sharhin Aristotil wanda ya mayar wa Gazali martani. Ka buɗe Bidaya ka gani, a kowace mas'ala baya tsayawa akan wane yace wane yace, sai ya tono maka sababin saɓanin. Daga ina kake zaton ya samo wannan tsarin?
Shi kansa Ibnu Taimiyya da me ya yi raddin? Sai da ya san manɗiƙin ciki da waje, ya shiga maganar ta'arifi da ƙiyasi ya warware su ɗaya bayan ɗaya da hujjar hankali. Yau ɗalibanmu nawa ne zasu iya karanta wannan littafin nasa su gane me yake cewa? Ni abin da ke bani tsoro kenan. Shubuhohin nan da kake gudar wa yaro ba sai ya je jami'a ba, suna cikin wayarsa a TikTok da YouTube da daddare shi kaɗai ba malami kusa. Gara ya haɗu da su da rana yana da kayan aunawa kuma yana da malamin da zai koma wa.

Basakkwace:
Salamu alaikum, ku ba ni wuri kaɗan. Ina jin ana ta kiran Bagadaza da Andalus, ga namu nan gida an manta da shi. Malam Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ne ta wajen ɗiyarsa Nana Khadija, an haife shi 1804 ya rasu 1864, a Salame ya zauna da makarantarsa. Wanga bawan Allah ya karanci ilimin hikima, ya yi rubutu kan asalin samuwa da matakan halitta da ra'ayoyin masu falsafa yana auna su da wahayi, ga tasawwufi ga tarihi, Raudatul Afkar nashi na daga cikin abin da masu tarihin ƙasar Hausa ke dogaro da shi. Baturen nan Barth da ya zo ƙasar Sakkwato 1853 ya gana da shi, kuma ya shaida shi a matsayin wanda ya fi kowa ilimi cikin mutanen Sakkwato na lokacin. A cikin gidan Shehu anka yi wanga karatu, ba a ɓoye ba. Abin da ke ci min rai shi ne yaranmu za su shiga sashen falsafa su fito sun san Filato sun san Kant amma ba su taɓa jin sunan ɗan Tafa ba, rubuce-rubucensa na nan cikin Larabci mafi yawa ba a ko fassara su zuwa Hausa ba. In da za a samu yaro mai Larabci da ya yi wanga fanni ya zauna kansu, wallahi aikin rayuwa guda ne.

Ɗan Fagge:
Ikon Allah, ni wallahi ban taɓa jin sunansa ba sai yau. Yaron yana da Larabci daidai gwargwado don ya yi Islamiyya har ya sauke, kuma yana zuwa karatun zaure bayan magariba. Mai Digiri dan Allah a shekarar farko me ake koya musu takamaimai?

Mai Digirin Falsafa:
Galibi gabatarwa ne, manɗiƙi, tarihin falsafar Girka, ilimin ɗa'a, da falsafar Afirka, sai a gaba a shiga ka'idar sani da falsafar siyasa da ta addini da ta kimiyya, wasu jami'o'in suna da kwas na falsafar Musulunci. In zai yi toh kar ya bar zauren nan ko da wasa, kuma ya haɗa da wata sana'a a hannu tun yanzu, ya riƙa zuwa shagon lokacin hutu. Sannan ya bincika su waye malaman sashen, don a nan abin yake. Akwai malamin da zai sa ka karanta littafin asali ka zo ka kare ra'ayinka a gaban aji, akwai wanda handaut zai sayar maka ka haddace ka juye masa.

Tsohon Malami:
'Ya'yana sannunku da ƙoƙari, na karanta duka tun daga sama. Na koyar a sakandare har na yi ritaya, kuma abin da Mai Digiri ya faɗa a ƙarshe shi ne ciwon. Ku tuna watan Agustan 2014 lokacin Ebola, da saƙo ya zaga cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha. Kafin asuba gari ya ɗauka, ana buga wa 'yan'uwa waya ana tashinsu daga barci, har aka rasa rayuka saboda shan gishirin. Mutum nawa ne suka tsaya suka ce waye ya faɗa, ta yaya ya sani, in gishiri na maganinta me yasa likitoci ke mutuwa? Tambaya uku kacal. Haka muke a siyasa, mutum ya kawo hujja sai a ce ai ɗan jam'iyya kaza ne, an gama da shi ba a taɓa hujjar ba. Haka a wa'azi, haka a rigimar gado. Al'ummar da bata iya bambance hujja da hayaniya ba ko ta samu injiniyoyi dubu wani zai zo ya ja ta da baki.

Injiniya KD:
Baba Allah ya ƙara girma, amma a unguwarmu masu digiri ma sun yi wankan gishirin nan, da idona na gani. Kuma duk wanda ya shiga jami'a a Najeriya ana tilasta masa kwas ɗin GST, darasin gama-gari na kowane sashe, na falsafa da manɗiƙi, nima na yi. Ina amfanin da ya yi musu a daren?

Tsohon Malami:
Ɗana yaya aka koyar da ku shi? Faɗa min tsakaninka da Allah. Ba ɗaruruwan ɗalibai aka tara a babban ɗaki ba, na baya ko muryar malam basa ji, a ƙarshe aka yi muku jarabawar canki-canka? An tambaye ku shekarar da Sokratis, masanin falsafar Girka, ya mutu, kun zaɓi 399 kafin haihuwar Annabi Isa kun ci maki, amma ba wanda ya taɓa tsayar da ɗayanku yace kare min wannan maganar taka, kuma shi Sokratis ɗin duk rayuwarsa abin da ya yi kenan a kasuwar Atina har suka yanke masa hukuncin kisa. Abin da Malama ta Damagaram ta kwatanta shi ne koyarwa. Namu sunan kawai muka ɗauka.

Injiniya KD:
Haka aka yi Baba, ban musa ba. Toh bari in faɗi iya inda zan iya zuwa. In dai irin na Malama ne, a koya wa yaro auna hujja da rubuta ra'ayin abokin hamayyarsa da adalci, na yarda a saka shi tun daga sakandare ma, kowa ya yi, likita da injiniya da malamin addini. Abin da har yanzu ban gamsu da shi ba shi ne mutum ya ɗauke shi shi kaɗai shekara huɗu ya fito da shi a matsayin abin da zai ci abinci da shi, a ƙasar da gwamnati ke kukan kuɗin biyan malamai.

Mai Digirin Falsafa:
Toh Injiniya in za a koyar da shi a kowace sakandare yadda kace, su wa zasu koyar? Wanda ya yi GST na canki-canka? Nijar da suke yi ai sai da jami'a ta yaye musu malaman filo tukuna. Kuma waye zai zauna a kwamitin ɗa'a na asibitin su Hajiya, waye zai buɗe takardun ɗan Tafa?

Injiniya KD:
A yaye kaɗan ɗin da ake buƙata mana, waɗanda suka zaɓa da kansu kuma suka cancanta. Ba a mayar da sashen wurin zuba duk wanda makinsa bai kai lauya ba, yaro ya shiga yana jin haushi ya fito yana jin haushi. Mai Digiri a ajinku mutum nawa ne suka cike falsafa da hannunsu a fom ɗin JAMB?

Mai Digirin Falsafa:
Ba mu da yawa gaskiya, mafi yawa turo su aka yi. Amma daga cikin waɗanda aka turo ɗin akwai waɗanda zuwa aji biyu ko an basu canji bazasu karɓa ba, wasu kuma har muka gama ransu na wurin lauya. Akan tsarin ɗaukar ɗalibai ina tare da kai, a gyara shi, sashen ya riƙa tantance masu shigarsa da kansa ko da rubutu ɗaya ne za a basu su yi a gabansu.